Kiɗa Bai Isa Ya Toshe Bakin Jiki Ba: Martani Ga Kocin Da Ya Ce A Cire Iyafis

Wani gogaggen mai horar da 'yan gudu ya fitar da maƙala kwanan baya yana jan kunnen masu motsa jiki da iyafis maƙale a kunne. A ganinsa, sauƙin da mutum yake ji idan yana gudu da kiɗa ruɗi ne tsagwaronsa, tunda hanya ba ta gajarta ba, nauyin jiki yana nan, zuciya kuma bugun da za ta yi shi take yi. Ya ce ruɗin ma bai tsaya a nan ba, haɗari ne, domin jiki magayi ne, kiɗa kuwa yana hana a ji abin da yake faɗa har mutum ya wuce gona da iri bai ankara ba. Daga nan ya kafa hujja da manyan 'yan tsere na duniya: su ba sa gudu da kiɗa, saboda haka duk mai son yin abin da gaske ya zare wayar nan daga kunnensa ya bi sahunsu.

Da ganin rubutun ka san kishin yaransa ne ya sa koci ya ɗauki alƙalami, kuma wanda ya shekara da shekaru yana tsaye a bakin fili da agogo a hannu ba a yi masa gardamar sama-sama. Sai dai shawarar ba yaransa kaɗai ya miƙa wa ba. Kowa ya haɗa, har da dattijon da likita ya ce ya riƙa tattaki saboda hawan jini, da matar da take son rage jiki bayan yaye. A nan muka raba gari. Ya raina jin wahala, ya mai da shi kamar ba a bakin komai yake ba, sannan ya juyo ya ba kiɗa wani ƙarfi da masu bincike ba su same shi da shi ba.

Jin nauyin aiki abu ne da ake aunawa, kuma an fi shekara 50 ana yi. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, Gunnar Borg, shi ya tsara ma'aunin da ake amfani da shi har gobe, ya wallafa shi a 1970. Kati ne mai lambobi daga 6 zuwa 20. Lamba 6 kana zaune ba ka yin komai, 11 aiki mai sauƙi, 13 ya fara nauyi, 15 wahala, 17 wahala ƙwarai, 20 kuwa iyakar abin da rai zai iya. Dalilin farawa daga 6 shi ne, in ka ninka lambar sau 10 za ta ba ka kusan bugun zuciyar matashi mai lafiya a minti ɗaya: 60 yana hutawa, 200 yana kan iyakar ƙoƙarinsa.

A ɗakin gwaji za ka ga mutum a kan keken nan da ba ya zuwa ko'ina. An ɗaura masa ɗamara a ƙirji mai ƙirga bugun zuciya, an rufe masa hanci da baki da takunkumi mai tiyo da ke auna iskar da yake shaƙa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Bayan 'yan mintoci sai mai bincike ya ɗaga masa katin. Ba halin magana, sai dai ya saki hannu ɗaya daga kan keken ya nuna lamba da yatsa. Da farko yatsan yana wajen 9 ko 10. Can sai ya hau 14, ya hau 17. Duk wanda ya saba da aikin ya san da zarar yatsa ya taɓa 19, ƙafa ta kusa tsayawa.

Abin tambaya shi ne, wa ya tsayar da ita, tsoka ce ta ƙare ko jin wahala ne ya kai maƙura? Samuele Marcora da abokan aikinsa a Jami'ar Bangor da ke Wales sun wallafa wani gwaji a 2009 da ya kamata koci ya zauna ya duba. Mutum 16 suka ɗauka. Wata rana aka zaunar da su gaban kwamfuta minti 90 suna wani aiki mai cin ƙwaƙwalwa, na sa ido a kan haruffa ana danna maɓalli. Wata ranar kuma aka kunna musu fim na tarihin jirgin ƙasa da mota su kalla tsawon wannan lokaci. Bayan kowanne sai a hau keke a yi ta tuƙi har a kasa. Ranar kallo sun jure daƙiƙa 754 a matsakaici. Ranar da aka gajiyar da ƙwaƙwalwa, 640. Ƙafa ba ta yi aikin komai ba kafin hawa keken, awon zuciya da na jini kuma bai nuna wani bambancin da zai bayyana wannan giɓi ba. Abin da ya canza shi ne lambar da suke nunawa a katin Borg: tun daga farko ta fi hawa, don haka ta riga kaiwa ƙololuwa. A 2010 Marcora ya sake gwada 'yan wasan rugbi 10. Suka tuƙa har suka ce ba sauran ƙarfi, nan take aka ce su buga da iya ƙarfinsu na daƙiƙa 5, sai ga shi sun fitar da kusan ninki uku na ƙarfin da suka ce ya gagare su.

Masana suna da saɓani a kan yadda ƙwaƙwalwa take yanke wannan hukunci. Tim Noakes na Jami'ar Cape Town yana da nasa bayanin, Marcora yana da nasa, kuma sun sha gwabzawa a mujallu. Amma su biyun sun yarda cewa mutum ba ya tsayawa don tsoka ta mutu murus, yana tsayawa ne tun da sauran ƙarfi a ajiye, kuma yadda yake jin nauyin aikin shi ke gaya masa ya isa. To abin da yake yanke lokacin da za ka tsaya, ta yaya za a ce rage shi ruɗi ne? In ka rage shi, ka ƙara minti, ka ƙara taku, ka ƙara abin da jiki ya ƙona. Waɗannan kuwa agogon da ke hannun koci yana iya ƙirga su.

Nawa kiɗa yake ragewa? Ba da yawa ba, kuma wannan amsa ba za ta yi wa masu tallar iyafis daɗi ba. Costas Karageorghis na Jami'ar Brunel a Landan, wanda ya fi kowa suna a wannan fage, shi da David-Lee Priest sun tattara abin da aka gano suka wallafa a 2012. Suka ce a aiki mai sauƙi zuwa matsakaici, kiɗa yana rage jin wahala da kimanin kashi 10 cikin 100. A katin Borg wannan lamba ɗaya ce ko ɗan fiye: wanda zai nuna 13 sai ya nuna 12. A 2020 kuma Peter Terry na Jami'ar Southern Queensland a Ostireliya, tare da Karageorghis da wasu, suka haɗa bincike 139 da aka yi tsakanin 1911 da 2017, wanda ya ƙunshi mutum 3,599. Suka tarar tasiri mafi girma yana kan jin daɗin rai yayin aikin, sai yawan aikin da ake yi, sai rage jin wahala wanda ƙarami ne amma yana nan, sai ɗan ragin iskar oksijin da jiki yake ci. Karageorghis ya taɓa kamanta kiɗa da ƙwayar ƙara kuzari da doka ta halatta. Ni dai ina ganin kalmar ta yi wa abin girma, kuma irin wannan zuguguwa ce take tunzura mutane irin koci su fito da nasu martanin da zafi.

A kan bugun zuciya koci ya faɗi gaskiya, domin wancan babban nazari na 2020 bai samu wani bambanci na a zo a gani ba a nan. Amma cewa jiki ba ya canza komai ya yi yawa. A 1998 Szmedra da Bacharach sun sa ƙwararrun 'yan gudu 10 a kan injin gudu da kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsu, sau ɗaya da kiɗa, sau ɗaya babu. Da kiɗa, sinadarin laktet da ke taruwa a jini lokacin aiki ya fi ƙasa. Wani gwajin da Bacon da Myers da Karageorghis suka wallafa a 2012 ya nuna masu tuƙa keke daidai da bugun kiɗa sun ci oksijin ƙasa da kashi 7 cikin 100 idan aka gwada da lokacin da kiɗan ya yi musu sanyi bai dace da tuƙinsu ba. Bayanin da ake bayarwa ba mai nisa ba ne. Mai bin kiɗa takunsa yana daidaita, ba ya sauri ya yi sanyi ya sake fizga, kafaɗa ta saki, hannu ya daina dunƙulewa ba dalili. Koci da kansa yana yi wa yaransa tsawa su saki kafaɗa. Ashe ba laifi ba ne in ganga ta yi masa rabin aikin.

Yanzu sai babbar tuhumar, wato cewa kiɗa yana hana jin gargaɗin jiki. Da a ce haka ne, da ni ne na farko da zan sa hannu a takardar koci. Amma abin da aka gano ya saɓa da haka, kuma dalilin yana cikin yadda kiɗan yake yin aikinsa tun farko. Hankalin mutum yana da iyakar abin da zai ɗauka a lokaci guda. Idan aiki yana da sauƙi, saƙon da ke fitowa daga ƙafa da huhu ba shi da ƙarfi, sai kiɗa ya shiga ya cinye wani ɓangare na hankalin, mutum ya rage lura da gajiya. Idan aiki ya yi tsanani, numfashi ya fara sarƙewa, cinya ta ɗauki zafi, sai saƙon jiki ya mamaye ko'ina. Kamar hira ce a wurin markaɗe: kafin a tayar da inji kowa yana jin kowa, ana tayarwa sai dai ka ga bakin mutum yana motsi.

Gershon Tenenbaum, wanda ya yi aiki a Jami'ar Jihar Florida a Amurka, ya gwada wannan da abokan aikinsa, suka wallafa a 2004. Suka sa mutane gudu da kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsu, da kiɗa iri daban-daban da kuma babu. Kiɗa bai rage lambar wahalar ba, bai ƙara musu juriya ba. Wasu daga cikin masu gudun da kansu sun ce a farkon gudu ne ya ɗan taimaka, da abu ya yi zafi hankalinsu ya koma kan jiki. Nazarin 2012 da na ambata ma abin da ya ce ke nan: daga inda numfashi ya fara gagara zuwa sama, kiɗa ba ya rage jin wahala, iyakarsa ya ɗan sanyaya rai, mutum ya sha wahalar ba tare da ya tsani ransa ba. Ke nan a daidai wurin da koci yake tsoro, a nan ne kiɗa ya fi rauni. Ciwon ƙirji, jiri, ganin duhu-duhu, tsoka ta ɗaure: ba a yi mawaƙin da zai rufe waɗannan ba tukuna.

Akwai wani gwaji da in koci ya ci karo da shi zai ɗauka nasa ne, gara in kawo shi da kaina. A Jami'ar John Moores ta Liverpool, Jim Waterhouse da abokan aikinsa sun sa ɗalibai maza 12 tuƙa keke da saurin da suka ga dama suna sauraron waƙoƙi shida. Ba tare da an gaya musu ba, wata rana aka ƙara saurin waƙoƙin da kashi 10 cikin 100, wata rana aka rage da kashi 10. An wallafa sakamakon a 2010. Da aka ƙara sauri, nisan da suka ci ya ƙaru da kashi 2.1. Da aka rage, ya faɗi da kashi 3.8. Ga shi nan, in ji koci, kiɗa ya ja su ba su sani ba. To, amma a duba katin Borg na ranar. Da suka ƙara ƙoƙari, lambar wahalar da suka nuna ita ma ta hau da kashi 2.4. Sun san sun ƙara aiki, sun ji a jikinsu, sun faɗa, suka kuma zaɓi su ci gaba. Wanda aka ruɗa ba ya ba da rahoton gaskiya. Sannan ƙarin kashi 2 a nisan tafiya ba shi ne zai kai lafiyayyen matashi asibiti ba.

Inda zan saurara wa koci shi ne mai ciwon zuciya. A sashen farfaɗo da masu irin wannan lalura, likitoci sukan ce mutum ya tsaya wajen 11 zuwa 14 a katin Borg, musamman mai shan maganin da ke danne bugun zuciya, wanda ƙirga bugun ba zai gaya masa gaskiya ba. Irin wannan, lamba ɗaya tana da daraja a wurinsa, kuma maganar likitansa ita ce gaba da tawa da ta koci. Amma ko shi yana da awon da ba ya buƙatar kati: in kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana kan matsakaici, in ba ka iya haɗa kalmomi kaɗan sai ka tsaya shan iska, ka shiga mai tsanani. Mai iyafis ma ya fi kowa sauƙin yin wannan awo, tunda waƙar tana kunnensa. In yana iya bin ta baiti-baiti ba ya haki, to ya ƙara sauri, yawo yake yi.

Maganar manyan 'yan tsere kuwa gaskiya ce da aka kai ta gidan da ba nata ba. Tun 1977 William Morgan da Michael Pollock suka yi hira da ƙwararrun 'yan gudun dogon zango a Amurka, suka tarar su hankalinsu a kan jiki suke ajiye shi, suna bibiyar numfashi da taku da ƙafa, alhali sauran masu gudu ƙoƙarin mantawa da jikin suke yi. Dole ne. Wanda yake neman lambar zinare yana tafiya ne a gaɓar iyakarsa, daƙiƙa biyu in ya yi kuskurensu a tsakiyar tsere sai ya biya a ƙarshe. Kuma a irin wannan sauri, mun riga mun gani, kiɗa ba ya rage komai. Babban nazarin 2020 ma ya nuna amfanin kiɗa ya fi fitowa ga masu motsa jiki don lafiya a kan masu gasa. Saboda haka in koci ya ce yaransa su cire iyafis ranar atisayen sauri, ya yi daidai, ni ma haka zan ce.

Ko a can saman ma ba kowa ne ya yi wa kiɗa tawaye ba. A watan Fabrairun 1998, a Birmingham, Haile Gebrselassie na Habasha ya karya tarihin duniya na mita 2,000 a rufaffen fili da minti 4 da daƙiƙa 52.86, lasifika tana kaɗa waƙar “Scatman”, wadda ya sha faɗin cewa bugunta ya dace da takunsa. Shi ba mantawa da jiki yake nema ba, ma'aunin taku ya mai da waƙar. Hukumar wasannin guje-guje ta Amurka kuma, da ta hana sa iyafis a tsere a 2007, hayaniyar da masu gudu suka yi ta sa a ƙarshen 2008 ta sassauta, ta bar haramcin a kan masu neman kambu da kuɗi kawai. A gudun fanfalaki na Milwaukee na 2009 har abin dariya ya faru: aka soke nasarar matar da ta zo ta ɗaya saboda ta karɓi ruwa daga hannun wani a wajen wurin da aka keɓe, aka ba ta biyu, ita ma aka ƙwace saboda ta kunna iPod a hanya. Wato ita hukumar da kanta ta bambanta ɗan gasa da mai gudun neman lafiya. Koci ne bai bambanta ba.

Kuma masu neman lafiyar su ne jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Alƙaluman da ta fitar a 2024 sun nuna kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa cika wannan a 2022. Matsalar waɗannan mutane ba ta wuce gona da iri ba ce. Sukan fara da zafi, su sayi takalmi, mako uku ya wuce ka ga takalmin a ƙarƙashin gado. Abin da yake korar su shi ne abin ba daɗi. David Williams da abokan aikinsa a Amurka sun wallafa a 2008 cewa yadda mutumin da bai saba motsa jiki ba ya ji a ransa lokacin gwaji guda ɗaya na matsakaicin aiki yana nuna yawan motsin da zai riƙa yi bayan wata 6 da wata 12. Jin daɗin rai kuwa shi ne fagen da kiɗa ya fi tasiri.

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu da ciwon suga ya sa aka ɗora mata tattakin safe. Bayan asuba za ka gan ta da dogon hijabi da takalmin kambas na jikarta, tana zagaya filin makarantar firamare, wayar iyafis ta fito ta ƙarƙashin haɓa ta shige aljihun jaka. Waƙoƙin gargajiya na zamaninta take ji, masu kalangu. In kiɗa ya ɗau zafi sai ka ga kafaɗarta tana ɗan kaɗawa, takun ya ƙaru. In ya ƙare ta duba wayar, in da sauran waƙa a jeri ta ƙara zagaye. Ba ta san Borg ba, ba ta kuma neman karya tarihin kowa. In aka ce ta cire ta saurari numfashinta kamar ɗan tseren Kenya, abin da za ta ji shi ne gwiwa tana ciwo, gida kuma akwai aiki.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne koci ya yi maganar kamar baƙon abu ne da waya ta kawo mana. Wanda ya taso a karkara ya ga gayya. Samari sun jeru kowa da kuyyarsa, makaɗa suna biye da gangar noma, ana kiran sunan wanda ya yi gaba ana yi masa kirari, garma tana sauka tare kamar hannu ɗaya ke riƙe da ita. Mai gona da ya gayyato makaɗa ya ciyar da su ba don ado ya yi ba, ya san gonar da za a kwana biyu ana yi za a gama ta kafin la'asar. Ba na cewa ganga kaɗai ce, akwai gasa, akwai idon 'yan mata, akwai kunyar a bar ka a baya. Amma ganga ce take ɗinke su wuri guda. Kuma ba a taɓa jin ta hana manomi sanin bayansa ya ƙage ba. In ya ƙage yakan miƙe ya dafa ƙugu ya nemi inuwa da ƙwaryar fura. Haka luguden mata a bakin turmi, haka Ɗan Anace a filin dambe yana zuga Shago.

Har masana sun bi wannan sawu. Thomas Fritz na Cibiyar Max Planck a Leipzig ta Jamus, wanda ya taɓa yin bincike a kan kiɗa a wurin Mafawa na arewacin Kamaru, ya haɗa injinan motsa jiki da kwamfuta ta yadda motsin mutum ne yake fitar da sautin. Ya wallafa a 2013 cewa waɗanda suke yin kiɗan da motsinsu sun ji wahala ƙasa da lokacin da suke sauraro kawai. Mai lugude ba ta buƙatar a gaya mata wannan. Shi kansa binciken turawa daga filin tsere ya faro: a 1911 Leonard Ayres ya wallafa cewa a tseren keke na kwana shida a New York, mahaya sun fi sauri a lokutan da 'yan badujala suke busa.

Na san akwai masu karatu da ba sa sauraron kiɗa saboda addini. Wannan fage ne na malamai, ba shi koci ya tayar ba, ba kuma shi nake amsawa ba. Abin da zan ce kawai shi ne wani ɓangare na amfanin yana zuwa ne daga ɗauke hankali, kuma shirin rediyo ko wa'azi ko hira da abokin tafiya suna iya ɗauke shi. Ɗaya ɓangaren, na daidaita taku, yana son abu mai bugu, ko da waƙe ne ba kayan kiɗa, irin wanda sojoji da 'yan bautar ƙasa suke yi a gudun safe.

Haɗarin iyafis na gaske yana nan, sai dai koci ya wuce shi da layi ɗaya. Na farko titi ne. Mai gudu a gefen kwalta da duku-duku, kunne biyu a toshe, ba ya jin ɗan acaɓa ko mai adaidaita sahu da ya biyo ta bayansa ba fitila. Wannan ya fi duk abin da muka tattauna kusa da ajali, kuma maganinsa a bar kunne ɗaya a buɗe, a fuskanci motoci, ko a nemi fili. Na biyu kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda ƙarar da suke sa wa kunnuwansu, ta kuma ce iyakar baligi ita ce ƙarar desibel 80 na awa 40 a mako, in ƙarar ta haura lokacin ya ragu da sauri. A gidajen motsa jiki abin ya fi muni, don lasifikar gidan tana tashi, kowa kuma yana ƙara tasa don ya danne ta. Da a kan wannan koci ya zuba tawadarsa, da ba martani zan rubuta ba.

Tunda yana da fili, yana da agogo, yana kuma da mutanen da suke jin maganarsa, ga abin da nake roƙonsa. Ya rubuta 6 zuwa 20 a kwali. Ya ware yaransa 'yan gasa gefe, ya kira iyayensu da maƙwabta, waɗanda hawa bene yake sa su haki. Su zagaya filin da sauri ɗaya, wata rana da kiɗan da kowa ya zaɓar wa kansa, wata rana babu, a riƙa juya wanda ya fara da wanne don kada sabo ya ɓata lissafin. A kowane zagaye ya ɗaga kwalin ya rubuta abin da suka nuna. Daga baya ya maimaita da yaransa a gudun mita 400 da iya ƙarfinsu. In lambar ta sauka a rukunin farko ta ƙi sauka a na biyu, ya ga abin da Tenenbaum ya gani. In kuwa ta sauka a na biyun ma, har yaro ya kai gaɓar faɗuwa yana nuna 12, to ya wallafa, domin ya gano abin da zai sa su Karageorghis su sake zama.